Na ɗauki Mustang mai haɗari a gwanjo, ina so ta zama motar filin tsere: ta ina zan fara?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Na ɗauki Mustang GT ƙirar 2013 a gwanjon motocin inshora a nan yankin Dallas. Giyar hannu ce mai shida, injin V8 lita 5.0 wanda ake kira Coyote, ƙarfin doki 420 yadda ta fito daga kamfani. Ta gaban dama ta ci karo. Bamba da fitila sun tafi, lagireto ya fashe, tayar dama ta koma baya har ta kusa taɓa ƙofa, iyabag biyu na gaba sun tashi. Inji yana tashi, kuma ban ji wata baƙuwar ƙara ba. Takardarta ta salbej ce, wato ba za a ba ta lamba ba sai an gyara ta. Ni kuma ba titi nake so da ita ba. Filin MotorSport Ranch da ke Cresson bai yi mini nisa ba, can nake so in riƙa kai ta a tirela. Kuɗin da suka rage mini ba su da yawa. Wani abokin aikina yana cewa in fara da sufacaja, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, tunda gaban motar a buɗe yake, aikin zai zo da sauƙi. Me kuka gani?

Ƙaramin Direba:
Wa alaikumus salam Oga. Masha Allah, Allah ya sa alheri! Wallahi abokinka ya faɗi gaskiya. 420 ai ba komai ba ne yanzu, Challenger Hellcat tun 2015 take da 707. Ka ɗora mata caja kawai, ka sa salansa mai ƙara, ka turo mana bidiyo.

Baba Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayi ko kusa ɗaya sai ka auna motar nan. Ni a Kaduna nake, ban taɓa ganin filin tsere da idona ba, amma irin waɗannan motocin na gwanjon Amurka su ne abincinmu, kullum ana sauke su daga Legas da Kwatano a kawo mana. Maganar da ka yi cewa taya ta koma baya ita ta tsaya mini a rai. Taya ba ta komawa baya ita kaɗai. Ko hannun da ke riƙe da ita ya lanƙwashe, wannan mai sauƙi ne, a kwance a sa wani. Ko gadon da inji ke zaune a kai ya goce, shi ma kusoshi ne ke riƙe da shi. Ko kuma jikin motar ne da kansa ya motsa, to nan ne magana take. Motocin yanzu ba su da shasi daban kamar tsohuwar Landiroba, bodin shi ne shasin.

Ga abin da za ka yi da tef ɗin awo kafin ka biya kowa. Buɗe bonet, ka auna daga kusar kan shokazoba ta dama zuwa wani rami na kamfani a ɓangaren hagu, sannan ka auna kishiyarsa, awo biyun su gitta juna. In ba su zo daidai ba, gaban ya karkace. Ka rufe ƙofofi biyun ka duba tsagar da ke tsakanin ƙofa da fenda, ka sa yatsa ka bi ta daga sama har ƙasa. Ka tsaya a gefe da hantsi ka kalli rufin, wajen da ya haɗu da ginshiƙin gilashin gaba, in ka ga wata 'yar lotsawa da ba wanda ya buga wurin, dukan ya ratsa har can. Ka ɗaga kafet ɗin ƙafar fasinja ka shafa ƙasan da tafin hannu. Fentin da ya tsage siriri a kan ƙarfe ba ya ƙarya.

Dillalin Kwatano:
Yallaɓai Abban Hanifa, ni dai a matsayina na ɗan kasuwa abin ya ba ni tausayi. Mustang V8 mai giyar hannu ka ce za ka fasa cikinta? Ka gyara gaban nan, ka sa ta a kwantena. Akwai yaran Abuja da za su biya kuɗi mai kyau, ka ci riba ka sayi wata. Motar da aka cire wa kujeru aka yi wa walda a ciki ba mai sayenta kuma.

Abban Hanifa:
Na gode Baba, gobe in sha Allah zan auna in turo hotuna. Alhaji Dillali, na san da ribar, amma ba don ita na saya ba. Kuma gaskiya raina ba zai kwanta ba in tura wa wani motar da iyabag ɗinta suka tashi, ya ɗauki iyalinsa a ciki bai san tarihinta ba. Ni na san abin da ya same ta, ni zan zauna a ciki.

Maman Sultan:
Sannunku da hira. Ƙanina, aikin inshora nake yi a Houston, bari in ƙara abu biyu a kan maganar Baba. Na farko, ka tabbata karo kaɗai ta ci, ba ta sha ruwa ba. Tun ambaliyar guguwar Harvey a 2017 muka ga yadda motocin da suka nutse ke yawo daga gwanjo zuwa gwanjo, wasu har su sake yin haɗari a sake sayar da su da sunan masu karo. Ka sa lambar shasin a shafin NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora a Amurka, kyauta ne, ka kuma ciro rahoton NMVTIS, rumbun tarihin takardun motoci na gwamnatin Amurka. Bayan haka ka yarda da hancinka. In ka ɗaga kafet ɗin da Baba ya ce, ka shinshina soson da ke ƙasa. Ka leƙa layin ƙarfen da kujera ke tafiya a kai, ka zare soket ɗaya a ƙarƙashin kujera ka ga ko bakinsa ya yi kore. Motar da ta sha ruwa tana iya tashi lafiya yau, ta mutu maka a tsakiyar kwana wata uku masu zuwa.

Na biyu, inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere, a rubuce yake a yawancin takardun. Akwai ta musamman ta kwana ɗaya ko biyu, amma ka shiga da niyyar cewa duk abin da ka zuba a motar nan kana iya rasa shi a rana guda. Ta wannan fuskar ma dabararka ta fi ta masu shiga da sabuwar mota ta bashi.

Sai bel. Idan iyabag ya tashi, akwai ɗan abin fashewa a jikin bel da ke fizge shi ya ɗaure mutum, shi ma ya riga ya tashi. Bel ɗin da ke motarka yanzu ya gama aikinsa, ko da kana ganin yana ja yana komawa.

Injiniya:
Abban Hanifa barka da shigowa wannan harka. Ina Jojiya, ina zama kujerar dama ina koyar da sababbin direbobi a Road Atlanta. Maganar sufacaja ka ajiye ta gefe, ba don ba ta da daɗi ba, sai don ba ita ce matsalar motarka ba. Matsalar Mustang a fili ita ce nauyi da zafi.

Bari mu yi lissafi. Motarka ta haura kilo 1,600 kafin ka shiga. A ce ka zo ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya da gudun kilomita 200 a awa, kwanar kuma tana son 80. Ƙarfin da birki zai haɗiye a cikin daƙiƙu kaɗan ya kai megajul 2. Wannan zafin ya isa ya kai ruwa lita 6 ga tafasa, a taka birki sau ɗaya kenan, kuma kafin diski ya huce ka iso wata kwanar. Haka za a yi ta yi minti ashirin. In ka ƙara doki 200, ka ƙara gudun da za ka iso da shi, zafin kuma ba daidai da gudu yake hawa ba, in gudu ya ninka biyu zafi ninki huɗu yake yi.

To me ke fara gazawa? Man birki. Ƙa'idar man birki ajin DOT 3 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Celsius yana sabo, DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana tsotsar danshi, in ya tsufa DOT 4 ɗin yana iya sauka wajen 155. Ranar da ya tafasa, ƙafarka za ta tafi har ƙasa babu komai, don tururi yana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Ka zuba na tsere irin Motul RBF 600 mai kaiwa sama da 300, ka riƙa sabunta shi. Kada ka kuskura ka zuba DOT 5, na silikon ne, ba ya tafiya da ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi. Sai takalmin birki na fili, sai bututun iska daga bamba zuwa tsakiyar diski. Tunda bambarka ta riga ta tafi, wannan ne aikin da buɗaɗɗen gaba zai sauƙaƙa maka. Ka leƙa ta cikin rim ka gaya mini, birkin kamfanin Brembo ne mai fistin huɗu da diski inci 14, ko ƙaramin ne?

Ƙaramin Direba:
Amma Injiniya, in wani ya zo da Hellcat ai zai wuce shi kamar yana tsaye. Mene ne amfanin zuwa fili a riƙa wuce ka?

Injiniya:
Ƙanina, Hellcat ta kai tan 2. A miƙe za ta wuce shi, babu musu. Amma da idona nake ganin tsohuwar Mazda Miata ta 1990 mai doki 116 tana manne a bayan manyan motoci, har sai mai V8 ya miƙa hannu ta taga ya ba ta hanya. Mai Miata ya san inda zai saki birki, ya san inda zai taɓa cikin kwana, ba ya jin tsoron motarsa. Sabon direba a mota mai doki 650 rabin zagayen yana fama da tsoro ne, ba ya koyon komai. Doki 420 ma sun yi wa mai farawa yawa, ni da ana iya rage masa su a shekarar farko da na so.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar nan tun farko, kuma zuciyata ba ta natsu ba. Abban Hanifa, kai magidanci ne mai 'ya'ya. Addini ya hana mutum jefa kansa cikin halaka, ya kuma hana almubazzaranci. A nan gida mun binne yara saboda wasan mota a wajen biki, wasu ma ba su ke tuƙin ba, kallo suka tsaya yi. Yanzu ina ji ana lissafin gudun 200. Don Allah ka fahimtar da ni bambancin.

Abban Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, na gode da ka faɗa, kuma tambayar ta cancanta. Abin da zan shiga ba gasa ba ce tukuna, makarantar tuƙi ce a rufaffen fili. Kowa hanya ɗaya yake bi, babu mai tahowa ta gaba, babu mai tsallaka titi, babu ɗan kallo a bakin kwalta. Kafin a bar mota ta shiga sai an duba birki da taya da ko tana ɗigar mai. Akwai masu tuta a kwanoni da ke sanar da kai abin da ke gaba, akwai motar asibiti a tsaye. A rukunin masu farawa malami yana zaune a gefenka, kuma ba ka wuce kowa sai a inda aka ware, sai kuma na gaban ya nuna maka da hannu. Ban ce babu haɗari ba. Amma wasan da ake yi a titi cikin jama'a shi ne ainihin abin da nake gudu, don na san ina son gudu, gara in kai shi inda ba zan cuci kowa ba.

Maganar kuɗi kuma, ba na taɓa na cefane ko na makaranta ko abin da nake aika wa Hajiya gida. Kujerun fata da rediyo da kayan iyakwandishan duk zan sayar in mayar a motar.

Malam Na Bakin Kasuwa:
To, na ji. In haƙƙin iyali da na mahaifiya bai taɓu ba, kuma maiɗakinka ta sani ta yarda, ba ni da abin cewa sai addu'a. Amma tunda kariya ce hujjarka, kada in ji ka yi rowa a kayan kariyar. Allah ya tsare.

Alhaji Mai Tirela:
Amin Malam. Nan ne ma nake so in sa baki. Ina Ohayo, na yi shekaru ina tsere da Mustang ta 2007 a rukunin Spec Iron na ƙungiyar NASA, ba ta sararin samaniya ba, ta tseren motoci. Abban Hanifa, kariya tsari biyu ce, kuma ba a gauraya su. Akwai na kamfani: bel mai maɗauri uku, iyabag, kujera mai kwanciya. An yi shi ne don jikinka ya ɗan tafi gaba iyabag ya tare ka, in mota ta kife kuma rufi ya danno, ka iya zamewa gefe. Akwai na tsere: keji, wato bututun ƙarfe da ake walda su zagaye direba a cikin mota, kujera mai ƙafaffen baya, bel mai maɗauri shida, hular kwano, da abin riƙe wuya. Shi wannan ɗaure ka yake yi tsaf, keji ya hana rufi isowa kanka. Abin da ke kashe mutane shi ne rabi da rabi. Mutum ya sa bel shida babu keji, mota ta kife, yana zaune a miƙe ba zai iya sunkuyawa ba. Ko ya sa keji ya riƙa tuƙi babu hula, kansa ya bugi ƙarfe.

Tunda naka na kamfani ya riga ya ƙone, ni shawarata kada ka kashe kuɗi wajen farfaɗo da shi. Tafi kai tsaye ga na tsere.

Injiniya:
Alhaji, a nan kam na saɓa maka. Mutumin nan bai taɓa shiga fili ba. Keji mai kyau da kujeru biyu da bel biyu, don ƙungiyoyi da yawa suna sharɗanta cewa abin da direba ya samu malaminsa ma ya samu, kuɗinsu zai cinye na shiga fili na shekara guda. Na sha ganin mota ta shekara biyu a gareji a kan jak ana gina ta, mai ita bai zagaya ko sau ɗaya ba, daga baya ya gaji ya sayar. Ya nemi bel sababbi da iyabag da na'urarsu, ya mayar da ita yadda take, ya je ya koyi tuƙi. In ya ga abin ya shiga jininsa, sai a yi walda.

Alhaji Mai Tirela:
Injiniya, da lafiyayyiyar mota ce da na bi ka ba gardama. Amma lissafa abin da zai saya: iyabag na sitiyari, na fasinja wanda ya yaga dashbod, bel biyu, na'urar da ke ba su umarni, da na'urorin jin karo na gaba da suka murƙushe. Duk wannan ya saya, shekara mai zuwa ya cire ya zubar? Kuma in na hannu ya saya, wa ya san tarihinsu? Ba a gwada iyabag sai ranar da ake buƙatarsa. Ban ce ya yi cikakken keji yau ba. Ya yi rabin baya: babban baka a bayan kujeru, sanda mai gittawa, sandar ɗaura bel, ƙafafu biyu zuwa baya. Amma a yi shi da bututun da dokar tsere ta yarda da shi, yadda in ya tashi ƙarasawa sai dai a ɗora gaba.

Maman Sultan:
Ni ina bayan Alhaji a wannan, saboda maganar iyabag na hannu. Akwai na jabu a kasuwa, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta sha yin gargaɗi a kansu. Amma duk wanda aka zaɓa, don Allah ƙanina kada ka sa bel shida babu abin riƙe wuya. Shahararren direban tsere Dale Earnhardt ya rasu a zagayen ƙarshe na Daytona 500 a watan Fabrairun 2001, karayar gindin ƙoƙon kai ce ta kashe shi. Jiki a ɗaure, kai da nauyin hula suka tafi gaba. Kafin shekarar ta ƙare NASCAR, ƙungiyar da ke shirya tseren, ta wajabta abin riƙe wuyan, Formula 1 ta bi a 2003. Earnhardt kuwa mutum ne mai keji da ƙwararrun makanikai.

Ƙaramin Direba:
To ai walda ba wuya, a samu bututun ruwa mai kauri a kai wa kowane mai walda ya haɗa. Ko ba haka ba Baba?

Baba Mai Walda:
A'a yaro, ba haka ba ne. Ni mai walda ne, kuma da za a kawo mini wannan aikin da bututun ruwa ba zan karɓa ba. An yi shi ne don ya riƙe ruwa, ba don ya ɗauki nauyin mota tana birgima ba. In ka lanƙwasa shi ba da injin da ya dace ba, cikin kwanar yana tattarewa, wurin ya zama shi ne raunin. Sannan wuyar aikin ba a inda ido ke gani take ba. Saman baka, inda ya kusa manne da rufi, nan ne malalaci ke barin rabin haɗin babu wuta don hannunsa bai kai ba. Ka sa ɗan madubi da tocila ka zagaye kowane haɗi. Kuma ƙafar keji ba a dasa ta a kan falankin ƙasa haka kawai, zai huda ya fita. Sai an shimfiɗa faranti mai kauri, ya fi kyau ya hau har jikin dogarin gefe.

Abban Hanifa, in awonka ya nuna ƙarfen gaba ya goce, ga gargaɗina. Kada ka bari a gasa shi da wutar gas har ya yi ja a ja shi da sarƙa. Ana yi a nan, mota ta fito tana sheƙi, amma ƙarfen motocin yanzu wuta tana kashe shi. Ranar karo na biyu ba zai naɗe a hankali yadda aka tsara ba. A ɗora ta a kan injin ja, a ja a sanyi, abin da ya karye a yanke a sa sabo a inda kamfani ya ce a haɗa. In kuwa lanƙwasar ta wuce mazaunin shokazoba ta shiga bangon da ke tsakanin inji da direba, ka cire inji da giya ka nemi wani bodin.

Alhaji Mai Tirela:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara lambobi ne. Bututun da ake so shi ne nau'in ƙarfen da ake kira DOM, ga mota mai nauyin taka faɗi inci 1.75, kauri 0.120. Ka sauke littafin dokokin ƙungiyar da za ka bi ka miƙa wa mai waldar tun kafin ya yanka komai. A kafa kujera tukuna, ka zauna da hula a kanka, sannan a auna tsayin baka da inda sandar bel za ta zauna. Bel ɗin kafaɗa ya tafi baya a miƙe ko ya ɗan sauka, kada ya wuce digiri 20. In aka ɗaure shi can ƙasa a falanki, ranar karo zai danne kashin bayanka. Hula ka nemi mai tambarin Snell SA2020 ko sabuwa, ba mai M ta babur ba, ta SA ce ke da shafin ciki mai jure wuta. Duk inda hula za ta iya taɓa ƙarfe a naɗa soso mai tauri mai tambarin inganci na SFI 45.1.

Injiniya:
Ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, har yanzu ina tsoron kada motar ta kwana biyu a kan jak. Amma maganar iyabag na hannu ta yi nauyi, na yarda da rabin keji. Sharaɗina ɗaya, Abban Hanifa: yayin da ake aikin, ka yi rajistar rana guda da motar da kake zuwa aiki da ita, ko wace iri ce, in dai birkinta da tayunta lafiya. Ka koyi tutoci, ka koyi kallon nesa. Kada ka jira Mustang.

Abban Hanifa:
Jama'a ga rahoto. Na yi awon Baba, awo biyun ba su zo daidai ba, don haka na kai ta wurin masu injin awo na kwamfuta. Mazaunan shokazoba biyun suna cikin milimita 3 da ake yarda da shi, bango da falanki lafiya, rufi babu lotsawa. Bakin ƙarfen dama ne ya karkata ciki, gaba da mazaunin, kuma gadon inji da hannun taya sun lanƙwashe. Sun ce za su ja a sanyi su canja bakin. Anti Maman Sultan, na shinshina, ƙura ce kawai, soket ɗin fari tas, rahoton ma karo ɗaya ya nuna. Injiniya, Brembo ne mai huɗu, alhamdu lillahi. Na fasa sufacaja. Rabin keji zan yi da kujeru biyu, kuma na yi rajistar ranar da ka ce da ƙaramar motata. Tambayar da ta rage: tunda dole in sayi lagireto, wanne zan saya, kuma me zan yi wa ƙafafun?

Injiniya:
Madalla. Lagireto ka sayi babba na alminiyom, ka haɗa da mai sanyaya baƙin mai. Ford da kanta ta sa wa Mustang samfurin Boss 302 na 2012 da 2013 irin wannan, kuma kayan Boss da yawa suna hawa motarka kai tsaye. A zafin Texas na watan Agusta, zafin baƙin mai ne zai fara korarka daga fili, don haka ka sa agogonsa inda idonka zai gani. Ka toshe duk wata kafa tsakanin bamba da lagireto don iska ta ratsa ta cikinsa, kada ta zagaye. In ka fara sa tayu masu kama ƙasa sosai, ka canja kaskon mai zuwa mai shinge a ciki, don a doguwar kwana mai yana taruwa gefe guda famfo ya ja iska.

Ƙafafu kada ka yi gaggawa. Rim inci 18 iri ɗaya gaba da baya, taya 275 duk huɗun, don ka riƙa juya su. Faranti a kan shokazoba na gaba da zai ba ka kamba, wato karkatar saman taya zuwa ciki, wajen digiri 2.5 zuwa 3, in ba haka ba gefen tayar waje zai cinye a ƙarshen mako ɗaya. Bayan motarka aksul guda ne, sai daga 2015 Mustang ta koma mai ƙafa daban-daban. In ka sauke ta ƙasa, sandar Panhard, wadda ke riƙe aksul a tsakiya, za ta tura shi gefe, sai ka sa mai daidaituwa ka dawo da shi tsakiya. Shokazoba masu tsada su jira.

Alhaji Mai Tirela:
Wajen fasa ciki ka yi hattara da wayoyi. Cire kafet da kujerun baya da soso, amma kada ka yanke waya don ba ka san aikinta ba, na'urorin motar nan suna magana da juna, ka cire ɗaya ta ƙi tashi ko ABS ya ɗauke. Ka bar ABS ɗinka, ka bar hita mai share gilashi don ranar ruwa. Bututun numfashin aksul na baya yana tofar da mai in ya yi zafi, ka ja masa tiyo zuwa ƙaramin gwangwani. Boris ɗin tayun gaba ka riƙa girgiza su duk safiya, kusoshin taya kuma a ɗaure da ma'auni, fam-ƙafa 100, idan sun huce.

Ruwan lagireto: ƙungiyoyi da yawa ba sa son mai launin nan na hana daskarewa a motar tsere, don in ya zube a kwalta santsi gare shi. Ruwa zalla ake sawa da ɗan sinadari. Amma ka tuna sanyin da Texas ta gani a Fabrairun 2021. Motar da ke kwana a tirela da ruwa zalla, dare ɗaya ya isa ya fasa mata inji. Kafin hunturu ka zubar ko ka mayar da mai launin.

Dillalin Kwatano:
To tunda an yanke, Yallaɓai, kujerun fatar nan da rediyon da kwamfuresan iyakwandishan kada ka sayar wa kowa. Ina da kwantena mai tashi daga Houston, ka yi mini magana ta gefe mu yi ciniki.

Abban Hanifa:
An gama Alhaji, zan turo maka hotunansu da daddare. Alhaji Mai Tirela, bel ɗin in saya yanzu ne tare da kujeru, ko in bari?

Alhaji Mai Tirela:
Kujeru yanzu, don da su za a auna keji. Bel ka bari sai motar ta kusa sauka daga jak. Yana da wa'adi a jikin tambarinsa, na SFI shekara biyu ne, na FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, biyar, kuma kwanakin suna tafiya ko yana cikin kwali. In mai waldar ya ɗinga haɗin farko, ka ɗauki hoton saman bakan ta madubi ka turo wa Baba ya gani kafin a fesa fenti.